Madarumfa da Tarurrukan Masu Jari: Daga Kantin Gyaɗa Zuwa Zancen Kwantam

Duk tirelar da ta taso daga Maraɗi za ta Katsina, sai ta ratsa gundumar Madarumfa. Za ta wuce kusa da Jiratawa, ta tsaya a Ɗan Isa gaban ƴan duwan, sannan ta haye Magamar Jibiya. Kayan da ke fitowa daga Kano ma nan ce hanyarsu. Fiye da shekara ɗari ke nan dukiya na bin wannan turba kudu da arewa, kuma a tsawon wannan lokaci an yi zama iri-iri a Landan, Paris, Dakar, Yamai, Maiduguri da Katsina, inda aka yanke shawarwarin da suka shafi tukunyar kowane gida a Gabi da Safo da Sarkin Yamma. Idan aka bi tarurrukan nan ɗaya bayan ɗaya, za a ga jarin waje ya daɗe da sanin hanyar Madarumfa, amma ba safai yake sauke kaya ya kwana ba.

Zaman farko da ya juya makomar yankin, babu Bakatsine ko ɗaya a cikinsa. Kwarin Gulbin Maraɗi ƙasar Katsina ce tun fil azal, nan ne sarakunan Haɓe suka dawo bayan masu jihadi sun ci birnin Katsina a 1807, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsa a Maraɗi. A yarjejeniyoyin 1904 da 1906 da aka sa wa hannu a Landan, Ingila da Faransa suka ja layin da ya bar Maraɗi da tafkin Madarumfa a hannun Faransa, Katsina da Jibiya kuwa a hannun Ingila. Daga ranar, dangi ɗaya suka koma masu kuɗi iri biyu da haraji iri biyu. Kusan duk arzikin da aka yi a wannan yanki daga baya, da asarar da aka tafka, a kan wannan layin suka rataya.

Jarin waje na farko gyaɗa ce ta jawo shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, daga baya kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, suna ba dillalai kuɗi da kaka su shiga ƙauyuka awo. Manomi ya kawo buhunsa a jaki ko raƙumi, a ɗora a sikeli, a faɗa masa farashin da aka riga aka tsayar a wani wuri, ya karɓi kuɗinsa, ya biya haraji, sauran ya mayar wa kantin nan ya sayi atamfa da gishiri da kananzir. Gyaɗar kan bi ta Kano zuwa Legas, har zuwa shekarun 1950 da Faransa ta karkatar da wani ɓangare ta Dahomey zuwa Kwatano don kada kayanta su dogara da jirgin Ingilishi. Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 ta karɓe harkar fitar da gyaɗa. Fari na 1973 da 1974, da cutar da ta afka wa gonaki a 1975, suka karya noman, bai kuma komawa yadda yake ba. Kamfanonin suka nannaɗe tabarmarsu. Abin da ya rage mai amfani shi ne mutanen da suka koyi ciniki a gindin sikelin Bature, wato alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Su ne suka gane cewa layin 1906 kansa haja ce. Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyoyin kudu, suka shiga kai dabbobi da kaya Najeriya. Daga baya fiton atamfa da taba da shinkafa daga Kwatano zuwa kasuwannin Kano ya zama babbar sana'ar birnin. Wannan jari na gida ne, kuma shi ya gina Maraɗin da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar.

A ƙarshen shekarun 1970 wani irin jari ya shigo, na bankunan raya ƙasa. Bankin Duniya da Faransa suka zuba kuɗi a babban shirin raya karkara na jihar Maraɗi, a ƙarƙashinsa aka shimfiɗa filin noman rani na Jiratawa a farkon shekarun 1980, sama da hekta 500. Wannan yana cikin ƴan abubuwan da suka zo daga waje suka zauna daram. Wanda ya shiga filin da rani zai ga rijiyoyin burtsatse masu injin lantarki, kowace tana shayar da rukunin manoma, ruwa na bin ƙananan magudanan siminti zuwa fuloti-fuloti da ba su kai rabin hekta ba. Ga zogale an aske shi ya sake tofo, ga albasa da tattasai da masara, mata sun durƙusa suna tsinkar ganye suna cika buhuna, ƴan sari na jira da motoci a bakin hanya. Zogalen Jiratawa har Yamai ake cin sa. Amma a tambayi kowane manomi a nan abin da ke hana shi barci, zai ce kuɗin wuta da ɗaukewarta, sai tsadar taki. A riƙe waɗannan biyun, za mu sake haɗuwa da su a gaba.

Shekarar 1984 ta cancanci a tsaya a kanta. A watan Afrilu gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ta canza takardun naira, iyakar ba ta buɗe ba sai 1986. Damina ta ƙi, hatsin kudu ya kasa hayewa, yunwar da ta biyo baya har yau tsofaffi a Nijar El Buhari suke kiran ta. A watan Mayu na wannan shekarar Janar Seyni Kountché ya tara ƙasar baki ɗaya a Maraɗi don mahawara kan yaƙi da gurgusowar hamada, aka fito da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi. Ba taron masu jari ba ne, amma a ganina ya fi yawancinsu tasiri, domin a nan ne hukuma ta amsa a bainar jama'a cewa ba za a yi nasara ba sai talakan karkara ya ɗauki aikin a matsayin nasa. A daidai wannan lokaci wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana yawo ƙauyukan jihar yana nuna wa manoma cewa kututturan da suke sarewa kowace bazara itatuwa ne masu rai. A bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, cikin ƴan shekaru gawo ko kalgo ya miƙe. Manoma suka sa masa suna sassaben zamani, suka koya wa juna, gona zuwa gona. Masu binciken da suka duba hotunan sama bayan shekara ashirin, ciki har da ɗan ƙasa Mahamane Larwanou, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kuɗin da aka kashe a kai bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na manyan shirye-shiryen dashen itace da suka gabace shi.

Ruwa kuma ya kai Nijar da Najeriya teburi a Maiduguri a watan Yulin 1990, inda suka sa hannu kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, har da Gada, wanda idan ya shigo Nijar shi ne Gulbin Maraɗi. A daidai wannan zamani aka kammala madatsar Jibiya a kan kogin. Manoman fadama daga Ɗan Isa zuwa Safo sun daɗe suna kokawa cewa ambaliyar da ke jiƙa musu ƙasa ta ragu tun daga lokacin. Takardar tana nan, amma wanda ke ƙasan kogi ba shi da wakili a wurin da ake buɗe ƙofar dam. Shekara huɗu bayan haka, a Janairun 1994, shugabanni suka zauna a Dakar aka raba darajar sefa biyu. Dare ɗaya lissafin kowane ɗan canji da kowane mai shago a bakin iyaka ya birkice.

Sai 2005. Madarumfa, wadda ke cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ta shiga labaran duniya saboda ƙananan yara masu tamowa. Likitocin MSF suka cika tantuna da su a Maraɗi da kewaye, kuma ƙungiyar ta ci gaba da aiki a gundumar shekaru da yawa bayan haka. Hatsi bai ƙare a kasuwa ba, kuɗin sayensa ne babu. Farashi ya hau a kasuwannin arewacin Najeriya, geron da aka saba kawowa daga can bai zo ba, talakan da ya sayar da nasa da kaka don biyan bashi ya koma sayen tiya ninkin-ba-ninkin. Wannan bala'i ya sa masana suka fahimci cewa Kano da Katsina da Maraɗi kasuwa ɗaya ce, abin da ya faru a kasuwar Dawanau ta Kano sai ya taɓa Gabi. Daga nan aka haifi shirin K2M na waɗannan birane uku, aka yi taronsa a Katsina a 2007 da hannun hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda ke nan tun 1971, da ECOWAS. Ƴan kasuwa da makiyaya da jami'ai na ɓangarorin biyu suka zauna wuri ɗaya, aka yi maganar shingayen hanya, da bayanan farashi, da sauƙaƙa biyan kuɗi tsakanin naira da sefa. A cikin duk tarurrukan da na lissafa, wannan ne ya fi kusa da ainihin ciwon yankin, domin masu ciwon ne suka yi magana. Abin takaici, shingayen da aka yi kuka da su ba su gushe ba.

Daga nan zamanin manyan zaurukan Paris ya kama. Gwamnatin Issoufou Mahamadou ta kai shirin raya ƙasa na PDES can a Nuwamban 2012, ta koma a Disamban 2017, inda aka sanar da alkawuran dala biliyan 23 daga masu ba da lamuni da ƴan kasuwa. A Disamban 2022 Shugaba Mohamed Bazoum ya jagoranci zama na uku, aka sanar da yuro biliyan 45, fiye da abin da aka je nema. Ban raina waɗannan tarurruka ba, ƙasa mai buƙatar hanyoyi da makarantu dole ta nemi kuɗi inda yake. Sai dai a san abin da adadin ke nufi. Alkawari ne, wani bashi ne, wani aikin da dama an riga an tsara shi ne aka sake ƙirgawa, wani kuma niyya ce kawai ta kamfani da ke jiran ya ga yadda iska za ta kaɗa. Jari mai nauyi da ya shigo Nijar da gaske a waɗannan shekaru ya tafi inda ma'adini yake: matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011, da bututun mai na kusan kilomita 2,000 da kamfanin CNPC na Sin ya ja daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Matatar da aka ƙulla yarjejeniyar ginawa a jihar Katsina a 2018, wadda za ta riƙa tace ɗanyen man Nijar, ba ta tashi daga takarda ba. Maƙwabta ma sun yi nasu, Katsina ta shirya taron tattalin arziki da zuba jari a 2016. Yankin da arzikinsa gero ne da wake da jar akuya da zogale, ba shi da abin da zai ɗauki idon mai neman rijiyar mai.

Abin da ya fi kowane alkawari ƙarfi shi ne ƙofar iyaka. Ranar 7 ga Yulin 2019 shugabannin Afirka suka taru a Yamai suka ƙaddamar da yankin ciniki maras shinge na nahiyar, Najeriya ta sa hannu a wurin. A watan Agusta ta rufe iyakokinta na ƙasa. An fara buɗe wasu a Disamban 2020, ta Jibiya sai a 2022. Motoci suka yi layi a Ɗan Isa kaya na lalacewa, ƴan dako da masu abinci da ƴan kabu-kabu suka rasa na cefane. A kan wannan kuma ga ƴan bindiga da ke ɓuya a dazuzzukan iyaka, suna satar shanu da mutane a ƙauyukan Gabi da kewayen dajin Baban Rafi, lamarin da ya sa gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zo Maraɗi a Satumban 2019 suka zauna da gwamna Zakari Oumarou. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a cika wata takwas da zaman Paris ba, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufewa, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Jihar Maraɗi, wadda ke shan wuta ta layin Katsina zuwa Gazawa, ta ji a jikinta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyaka ta buɗe a Maris, amma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Babu mai kuɗin da zai kafa masana'antar tumatir ko ta mai a wurin da bai san ko gobe kayansa za su haye ba.

A cikin wannan hali ne tarurrukan duniya suka ɗauko sabon zance. Inda a da ake maganar dam da titi, yanzu ana maganar ƙirƙirarriyar basira da kwamfutar kwantam. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantam, kuma Ghana ce ta gabatar da ƙudurin. Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu ta ƙulla da IBM tun 2019, a Kigali kuma cibiyar AIMS ta buɗe sashen bincike kan fannin. Kwamfutar da muka sani tana lissafi da sifili ko ɗaya. Ta kwantam tana aiki da abin da ake kira kubit, wanda kamar kwabo ne da aka murza yana juyi a kan tebur, bai faɗi ta kai ko ta wutsiya ba sai an dafe shi. Richard Feynman ya kawo shawarar a 1981, Peter Shor ya nuna a 1994 cewa irin wannan na'ura idan ta girma za ta iya ɓalle makullan sirrin da bankuna da wayoyi ke dogaro da su, Google kuma ya gwada mai kubit 53 a 2019. Har yanzu na'urorin na gwaji ne, suna yawan kuskure, da yawansu sai an sanyaya su zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Madarumfa da wannan. Akwai ruwanta ta fuska biyu. Ta farko, kuɗin da ƴan ci-rani ke aiko wa gida ta waya, da hada-hadar ƴan kasuwa da bankuna, duk a kan waɗancan makullai suke, shi ya sa Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin kulle bayanai a 2024, kuma bankunan yankinmu ma dole su bi sahu. Ta biyu ita ce taki. Masana'antu na yin takin zamani da zafi mai tsanani da matsi mai yawa, aikin da ke laƙume kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na makamashin duniya. Ƙwayoyin halittar da ke saiwar wake da gawo kuwa suna jawo sinadarin da ake haɗa takin da shi daga iska cikin ruwan sanyi, a gonar kowa. Masana ba su gama gano yadda suke yi ba, lissafin ya fi ƙarfin kwamfutocin yau. A 2017 masu bincike daga Zurich da kamfanin Microsoft suka nuna cewa kwamfutar kwantam mai ƙarfi za ta iya warware shi. Idan hakan ta tabbata wata rana, manomin Jiratawa na cikin waɗanda za su amfana. Saboda haka ban ga laifin ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ya sa kansa a wannan fanni ba. Jihar nan ce ta haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziks da ya jagoranci hukumar binciken hasken rana ta ONERSOL tun duniya ba ta waye da sola ba, kuma sunansa babbar jami'ar Yamai ke ɗauke da shi.

Inda nake da ja shi ne a mayar da zancen kwantam sabon ado na jawabin buɗe taro, alhali injin ban-ruwa yana tsaye don babu wuta. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na mutanen Nijar ke da lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Yaron da zai fahimci kubit sai ya fara samun malamin lissafi a sakandaren Madarumfa da fitilar da zai yi bita da dare. Aikin Abdou Moumouni ya nuna hanya tun tuni: ilimi mai zurfi, an ɗora shi a kan buƙatar da ke gaban mutane. Faifan sola a kan kowace rijiyar Jiratawa zai rage wa manomi nauyin da ya fi damunsa, kuma jari ne da alhazan Maraɗi da bankunan gida za su iya ɗauka ba sai an je Paris ba.

Gwaji mafi girma yana tafe a kan dogo. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, kwangilar kusan dala biliyan 2 da Najeriya ta ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, guntun da zai shiga Nijar kuwa ƙasar Madarumfa zai ratsa. Wannan ne jari mafi tsoka da ya taɓa dosar gundumar. Zai iya zama kamar gyaɗar da, kaya su wuce a bar wa mutane ƙura, zai kuma iya zama abin da zai kai zogale da albasa da dabbobin yankin Kano da Legas cikin kwana ɗaya. Bambancin yana ga abubuwan da ake yankewa tun kafin jirgi ya fara gudu: inda tasha za ta tsaya, ko za a gina rumbunan ajiya da wurin loda dabbobi, diyyar masu gonakin da layin zai ci, da guraben aikin da za a ware wa samarin wurin.

Kirana ga gwamnan Maraɗi, da hukumomin gundumar, da sarakuna, da zauren ƴan kasuwa na jihar, shi ne su kira zama a kan waɗannan batutuwa a cikin garin Madarumfa, da Hausa, su gayyato takwarorinsu na Jibiya da Katsina da wakilan kamfanin da ke shimfiɗa layin. A ba shugabannin manoman Jiratawa, da masuntan tafki, da mata masu sana'ar zogale, da makiyayan Baban Rafi kujeru a gaba, a bar su su yi magana kafin manyan baƙi. Duk abin da aka amince a rubuta shi da sunan wanda zai aiwatar da ranar da zai gama, a karanta shi a gidajen rediyon jihar, a kuma dawo bayan shekara guda a bi shi layi-layi a gaban mutanen da aka yi wa alkawarin.